Yadda Muka Ga Tashar Sararin Samaniya Daga Rufin Bene a Nima, da Yadda Muka Kalli Harba Kumbo

Wannan bayani na rubuta shi ne domin mazauna Ankara, babban birnin Gana, da garuruwan da ke kewaye da shi, waɗanda suke son su ga tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa da idonsu, su kuma kalli harba kumbo kai tsaye, ba tare da sun daɗe suna laluben abin da za a iya gaya musu a zama ɗaya ba. Yawancin bayanan da ke intanet an tsara su ne domin mutanen Turai da Amurka, kuma akwai wurare da dama da lissafinsu bai zo daidai da namu ba, mu da muke dab da layin ikweta.

Abin ya samo asali ne a ƙarshen shekarar 2021, lokacin da ɗaliban makarantar dare da nake koyarwa a Nima suka zo mini da gardama a kan wani haske da suka gani yana tafiya a sama bayan Magariba. Wasu suka ce jirgi ne, tunda filin jirgin sama na Kotoka yana nan kusa da mu kuma jirage ba sa rabuwa da samanmu, wasu kuma suka dage cewa jirgi ba ya tafiya shiru ba ƙara, ba ƙyaftawa. Ni dai na san da zaman tashar tun 2017, shekarar da aka yi ta murnar GhanaSat-1, ɗan ƙaramin tauraron ɗan'adam mai nauyin kilo ɗaya da injiniyoyi uku na Jami'ar All Nations ta Koforidua suka haɗa a Japan. Rokar Falcon 9 ce ta kai shi tashar a watan Yuni na wannan shekara, daga can kuma aka sake shi ya kama falakinsa ranar 7 ga Yuli. Amma ko ana iya ganin tashar da ido daga cikin unguwa, wannan ba ni da amsarsa, don haka na yi wa yaran alkawarin zan binciko musu.

Wurin da na fara zuwa shi ne gidan wani dattijo a Madina, wanda ya daɗe yana koyar da kimiyya a makarantar sakandare kafin ya ajiye aiki. Na shiga trotro zuwa tashar 37, daga nan na canja mota, na isa na tarar ya tafi ɗaurin aure, sai na zauna a ƙofar gida har La'asar. Da ya dawo muka gaisa, na faɗa masa abin da ya kawo ni. Tambayar farko da na yi masa ita ce nawa ake sayar da madubin hangen nesa, domin na zo da shirin kashe kuɗi. Ya ce mini: "Malam, riƙe kuɗinka. Idonka ya ishe ka, madubi ma hana ka gani zai yi, domin abin yana sauri, kafin ka saita ya wuce." Ya bayyana mini cewa tashar tana shawagi ne a nisan kilomita 400 da 'yan kai daga ƙasa, tana gudun kusan kilomita 28,000 a awa, tana zagaye duniya cikin kimanin minti 90, wato sau 16 ke nan a kwana ɗaya. Faɗinta mita 109 ne, kuma tun watan Nuwamba na 2000 ba a taɓa barinta babu 'yan sama jannati a ciki ba. Ba ta da fitilar da za a hango daga ƙasa. Hasken rana ne yake dukan jikinta da faifan wutar sola da ke fukafukanta, shi ne yake dawowa idonmu. Ya ce in tuna yadda rana take ci gaba da haska kan hasumiyar Masallacin Ƙasa na Kanda bayan inuwa ta riga ta rufe titi. To, haka abin yake: dole mu nan ƙasa mu kasance cikin duhu, ita kuma can sama rana tana kanta. Da tsakar rana haske ya yi yawa, da tsakar dare kuma ita ma ta shiga inuwar duniya.

A nan ne ya faɗi abin da ya fi komai amfani a gare ni. A ƙasashen da ke nesa da ikweta almuru yana daɗewa, musamman da bazararsu, har akan ga tashar ta wuce sau biyu ko uku a dare ɗaya. A wurinmu kuwa rana faɗuwa take yi a miƙe, duhu ya shigo da sauri, don haka damar ba ta wuce kamar awa ɗaya ba, daga bayan idar da sallar Magariba zuwa wajen Lisha, sai kuma daga kiran Asuba zuwa lokacin da gari ya fara wayewa. Bugu da ƙari, a duk zagaye ɗaya hanyarta tana matsawa yamma da kusan kilomita 2,500, saboda duniya tana juyawa a ƙarƙashinta, shi ya sa wanda ya rasa wucewar yamma ɗaya ba zai samu ta biyu a wannan daren ba. Na ji daɗin wannan magana ƙwarai, domin lokutan nan biyu su ne dama muke waje, a hanyar masallaci.

Daga nan ya karɓi wayata ya buɗe wani shafin intanet mai suna Heavens-Above, inda ake samun jadawalin wucewar tashar na kwana 10 masu zuwa. Kyauta ne, ba a neman wata takarda ko katin banki, datar da yake ci kuma ba ta taka kara ta karya ba. Yanzu akwai kuma manhajar NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, mai suna Spot the Station wadda take yin aiki iri ɗaya, ita ma kyauta. Sai dai ya ja kunnena a kan wani tarko da ya shafe mu mu mutanen Gana fiye da kowa. Idan mutum bai saka garinsa ba, Heavens-Above yana ɗauka cewa yana tsaye ne a inda layin ikweta ya haɗu da layin Girinwic, wanda daga kansa ake auna gabas da yamma a taswira, wato a tsakiyar teku, fiye da kilomita 600 kudu da Ankara. Mutumin Kano ko na Landan da bazara zai gane nan take, domin agogon ba zai zo daidai da nasa ba. Mu kuwa agogonmu shi ne agogon GMT duk shekara, saboda haka jadawalin zai yi kama da gaskiya, alhali tsawo da kusurwar da ya nuna ba namu ba ne. Dattijon ya saka Ankara da hannunsa, ya nuna mini cewa dole in ga lambobin da ke kusa da 5.6 arewa da 0.2 yamma a saman shafin kafin in yarda da duk abin da ke ƙasa.

Karanta jadawalin kansa ya ɗauke mu har Magariba. Kowane layi yana ɗauke da lokacin fitowa, da lokacin da za ta kai ƙololuwa, da lokacin ɓacewa, kowanne da kusurwa da tsawonsa. Ana rubuta kusurwa da haruffan Turanci, N arewa, S kudu, E gabas, W yamma, don haka SW kudu maso yamma ke nan. Tsawo kuwa da digiri ake auna shi, 0 yana nufin inda sama ta haɗu da ƙasa, 90 kuma tsakar ka. Idan mutum ya miƙe hannu ya dunƙule, faɗin dunƙulen ya kai wajen digiri 10, don haka digiri 40 dunƙule huɗu ne a ɗora ɗaya bisa ɗaya. Abin da ya fi rikitarwa shi ne ma'aunin haske, domin a juye yake: lamba mai alamar ɗebewa ita ce mai haske, kuma -3 ya fi -1 haske nesa ba kusa ba. Tauraruwa Zara tana wajen -4, tashar kuma idan ta biyo ta tsakar ka takan kusa kamo ta. Na yi sallah tare da shi, na yi godiya, na kamo hanya. Duk abin da na kashe a ranar bai wuce kuɗin mota da goron da na kai masa ba.

Da na dawo sai matsalar kusurwa ta taso. A bakinmu alƙibla ita ce gabas, amma a Ankara alƙibla ba gabas tsantsa ba ce, ta karkata arewa da kusan digiri 26, domin tana wajen digiri 64 idan aka auno daga arewa. Wanda ya tsaya kamar zai yi sallah ya ɗauka gabas yake kallo, dukkan sauran kusurwoyinsa za su goce, kuma a wucewar da ba ta fi minti shida ba, wannan gocewa ta isa ta sa mutum ya rasa rabin kallon. Kamfas ɗin waya yana taimakawa, amma rodin da ke cikin kankare da rufin kwano suna rikita shi. Abin da ya zaunar mini da lissafi shi ne teku tana kudu, rana tana faɗuwa yamma, alƙibla kuma tana tsakanin gabas da arewa maso gabas. Saboda hanyar tashar ta karkace da digiri 51.6 daga layin ikweta, hanya biyu kawai take bi ta kanmu: ko ta fito daga kudu maso yamma, ta wajen teku, ta nufi arewa maso gabas, ko kuma ta fito daga arewa maso yamma ta gangara kudu maso gabas.

Sai neman wurin tsayawa. A lungunan Nima sama ɗan siriri ne tsakanin rufi da rufi, ga fitilun shaguna da na titi suna dukan ido. Na je wurin wani Alhaji mai bene hawa uku a kusa da makarantarmu, na yi masa bayani. Bai ce a'a ba, amma bai amsa nan take ba, ya ce in dawo bayan Juma'a. Da na koma ya gindaya sharuɗɗa: rufin ba shi da katanga a gefe ɗaya, don haka kada ƙananan yara su hau, manya ma su zauna a tabarma, kuma tunda daga can ana hango tsakar gidajen maƙwabta, dole a sanar da masu gidajen tukuna domin iyalansu su sani. Na ga hikimar wannan, na bi gida gida na yi sallama na faɗa. Bai karɓi ko kwabo ba, sai dai na riƙa ba mai gadinsa ɗan abin shayi domin shi yake buɗe mana ƙofar matakala.

Daga nan aka shiga jira, wanda shi ne ɓangaren da ya fi wahala. Hunturu ya riga ya sauko, hazo ya rufe gefen sama ta yadda ko fitilun dogayen gine-gine da ƙyar ake gani. Wucewar da jadawali ya nuna a lokacin duk na ƙasa-ƙasa ne, digiri 15 ko 20, kuma a irin wannan tsawo ƙura ce take cinye hasken gaba ɗaya. Mukan hau mu zauna, lokaci ya yi ya wuce, ba mu ga komai ba, mu sauko a yi Lisha. Bayan haka jadawalin ya zama fanko na wani lokaci, domin tashar tana zuwa ne rukuni-rukuni: 'yan kwanaki da yamma, sai a yi shiru, sai kuma ta dawo da asuba. Ɗalibai suka fara raguwa, wasu iyaye suka fara tambaya ko karatu ake yi ko kallon sama, ni kuma raina ya yi nauyi saboda alkawarin da na ɗauka.

A cikin wannan jira ne na fara kallon harba kumbo, ni kaɗai a waya. Ranar 25 ga Disamba, 2021, da ƙarfe 12:20 na rana agogonmu, rokar Ariane 5 ta ɗauki babban madubin hangen nesa na James Webb daga Kourou da ke Giyana ta Faransa, a Kudancin Amurka. Kourou yana wajen digiri 5 arewa da ikweta, kusan layi ɗaya da Ankara, a ɗaya gefen tekun Atlantika, kuma ana zaɓar irin wannan wuri ne domin a kusa da ikweta juyawar duniya tana ba roka ƙarin gudun kusan kilomita 1,670 a awa idan ta nufi gabas. Bayan minti 27 madubin ya rabu da rokar, kyamara ta nuna shi yana nisa yana buɗe faifan solarsa, zai tafi mazauninsa mai nisan kilomita miliyan 1.5. Ya kamata a sani cewa tashin roka ba a ganinsa da ido daga Gana. Wuraren harbawa suna can nesa, irin su Fulorida ta Amurka, da Baikonur ta Kazakistan, da Kourou, da Sin, da Indiya, mu namu kallon ta allo ne.

Bayan shiga sabuwar shekara jadawali ya nuna wucewar yamma mai tsawo fiye da digiri 70, daga kudu maso yamma. Muka idar da Magariba muka hau da sauri, na sa kowa ya kashe hasken wayarsa, muka fuskanci wajen teku. Lokacin fitowa ya yi, ba a ga komai ba, domin hazo yana nan a ƙasa-ƙasa, har wani yaro ya fara naɗe tabarmarsa. Kamar minti ɗaya da rabi bayan haka sai ga wani ɗigon haske jaja-jaja ya ɓullo daga cikin ƙurar, wajen dunƙule uku daga ƙasa, yana hawa yana ƙara fari, har ya fi kowane tauraro da ke sama a lokacin. Babu ƙara, babu jan fitila ko kore mai ƙyaftawa, tafiya ɗaya ce a miƙe ba tsayawa. A daidai lokacin wani jirgi ya taso daga Kotoka, yaran suka ga bambancin da idonsu ba sai na yi bayani ba. Alhaji, wanda ya hau tare da mu a ranar, ya cire hularsa don kada ta faɗi, ya ɗaga kai yana tasbihi, sannan ya tambaye ni: "Malam, yanzu da mutane a cikin wannan abin?" Na ce: "Ƙwarai kuwa, Alhaji, yawanci mutum bakwai ne." Da ta wuce tsakar ka ta gangara wajen alƙibla, sai ta fara dusashewa, ta yi ja, ta ɓace tun ba ta kai ƙasa ba. Ta shiga inuwar duniya ke nan, daidai minti da jadawalin ya faɗa. Wannan daidaito na lissafi ya ratsa ni fiye da hasken kansa.

Ganin haka ya sa ɗalibai suka nemi su ma su kalli harbawa tare, muka zaɓi Artemis I, shirin NASA na harba rokar SLS daga Fulorida, roka mai tsawon mita 98 da za ta aika kumbon Orion ya zagayo wata ba mutum a ciki. Na yi magana da mai wani gidan kallon ƙwallo, ya yarda mu haɗa kwamfuta da talabijin ɗinsa, muka yi karo-karo na 'yan sidi domin data da man janareta. Bidiyo kai tsaye yana cin ɗaruruwan megabait a awa, kuma shirin yakan fara sa'o'i kafin tashi, don haka gara a buɗe shi saura minti 30. Ranar 29 ga Agusta, 2022, agogon ƙirge ya tsaya saura minti 40 saboda matsalar sanyaya ɗaya daga cikin injina, aka ɗage. Ranar Asabar 3 ga Satumba mun shirya taruwa bayan Magariba, amma tun da La'asar labari ya zo cewa man haidurojin yana yoyo, aka sake ɗagewa. Sai guguwa ta biyo baya a Fulorida. Yara sun ji ba daɗi, mai gidan kallo kuma ya yi mana kirki ya ajiye kuɗinmu zuwa gaba. A wannan tsakani akwai wani abin lura: Fulorida tana bayanmu da awa 4 daga Maris zuwa farkon Nuwamba, sai ta koma awa 5, domin suna juya agogonsu mu ba ma juyawa. Mafi sauƙi shi ne a nemi lokacin da aka rubuta da GMT ko UTC, wannan shi ne namu kai tsaye.

Ranar 16 ga Nuwamba muka taru bayan Asuba. An sa lokaci ƙarfe 6:04, amma aka samu jinkirin gyara, wuta kuma ta ɗauke mana aka tada janareta, ina ta fassara wa dattawa biyu da suka zo abin da masu sharhi ke faɗa. Da ƙarfe 6:47 rokar ta tashi. Can dare ne, mu nan rana ta fito, wutar injinan ta mayar da allon fari fat. Bayan minti biyu da 'yan daƙiƙu manyan rokoki biyu na gefe suka rabu, a wajen minti takwas kuma manyan injina suka mutu, kumbon ya kama falaki. Ɗakin ya yi tsit har sai da aka sanar, sannan aka ɗauki kabbara. Orion ya dawo ya faɗa tekun Pasifik ranar 11 ga Disamba.

Tun daga lokacin mun ga wasu abubuwan daga rufin nan. Tashar Tiangong ta ƙasar Sin, wadda aka kammala haɗawa a ƙarshen 2022, ba ta kai ta ƙasa da ƙasa haske ba amma ana ganinta sarai. Madubin Hubble, wanda ke sama tun 1990, hanyarsa ta karkace da digiri 28.5 kawai, don haka mu ya fi wucewa ta kanmu fiye da mutanen Ingila, sai dai yana son wuri mai duhu irin bakin teku ko tudun Aburi. Akwai kuma jerin taurarin ɗan'adam na Starlink masu ba da intanet, waɗanda ke tafiya a layi ɗaya 'yan kwanaki bayan harba su, kuma ya kamata a sanar da mutanen unguwa tun da wuri domin sukan tsorata wanda bai sani ba. Tauraron da farantin talabijin ke kallo kuwa yana nisan kilomita 35,786, ido ba ya kama shi.

Da wani zai fara yau, abin da zan gaya masa shi ne kada ya tara mutane sai a wucewar da ta haura digiri 40 kuma haskenta ya kai -3, musamman da hunturu, kuma ya ci gaba da kallo ko da lokacin fitowa ya wuce, domin a sararinmu takan ɓullo a makare daga cikin ƙura. A abin da na lura, sama ta fi wankewa bayan ruwa ya ɗauke, wajen Oktoba da Nuwamba, Yuni zuwa Agusta kuwa gajimare ne kusan kullum. Game da harbawa, kada a biya kuɗin wuri sai da yarjejeniyar cewa idan an ɗage za a dawo, tunda ɗagewa abu ne na yau da kullum a wannan aiki. Jadawali kuma a sake duba shi a ranar kallon, domin lokaci-lokaci ana kunna injina a ɗaga tashar sama saboda iskar da ke janyo ta ƙasa a hankali, kuma hakan yana iya gusar da lokacin da aka rubuta tun makon jiya.